Kallo ko Umarni? Tantance Niyya a Kwamfutar da Ake Sarrafawa da Ido

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tsarin fuskar kwamfutar da ake sarrafawa da ido, musamman don masu cutar ALS, waɗanda jikinsu kan shanye amma idonsu ya daɗe yana motsi. Matsayinta shi ne, gano inda ido ya sauka ya fi sauƙi a kan gano abin da mai idon yake nufi, kuma nan ne aikin mai tsarawa yake.

1. Tafiyar ido

Tun 1879 likitan ido Louis Émile Javal ya bayyana a birnin Faris cewa ido ba ya bin layin rubutu sumul. Tsalle yake yi yana tsayawa. Kowace tsayawa kan ɗauki milisakan 200 zuwa 300, kuma abin da ido ke gani tangaran bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan an miƙe hannu. Na'urorin yau, irin na kamfanin Tobii na Suwidin, suna haska ido da hasken infirared, kyamara ta auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar ƙwayar ido da ɗigon hasken da ya dawo. Ko an saita su da kyau, sukan kauce da rabin digiri zuwa digiri ɗaya, wato har santimita ɗaya ga wanda ke zaune santimita 60 daga allo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Dole maɓallai su zama manya, da tazara a tsakaninsu.

2. Matsalar Midas

A 1990 Robert Jacob ya laƙaba wa babbar matsalar sunan Sarki Midas na tatsuniyar Girkawa, wanda duk abin da ya taɓa sai ya zama zinariya, har abincinsa. Hannu yana iya sakin linzamin kwamfuta ya huta, ido kuwa muddin yana buɗe yana kan wani abu, don haka duk abin da ya kalla na iya dannuwa ko da ba shi aka nufa ba.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne ƙura ido: maɓalli ba zai dannu ba sai an tsayar da ido a kansa na wani lokaci. A ɗauki mara lafiya yana kwance, yana son rubuta "ruwa". Idonsa na neman harafin r, ya ɗan tsaya a kan t yana tunani, sai t ya faɗa cikin rubutun. Yanzu sai ya nemo maɓallin gogewa, ya sake ƙura ido, ga ƙishirwa na nan. Idan an tsawaita lokacin, kuskure ya ragu amma ido ya gaji. Idan an gajarta, rubutu ya cika da tarkace.

Binciken Päivi Majaranta da abokan aikinta na Jami'ar Tampere a Finlan, a 2009, ya bar wa masu rubutu ikon daidaita lokacin da kansu. Cikin zama goma suka rage shi daga milisakan 876 zuwa 282, saurinsu ya tashi daga kalma 6.9 zuwa 19.9 a minti. A ganina wannan ne sakamako mafi nauyi a fannin, domin ya nuna cewa ƙayyade wa kowa lokaci ɗaya tauye haƙƙi ne ga wanda ya ƙware.

Wata hanyar ita ce raba aiki: ido ya nuna, hannu ya tabbatar. Shumin Zhai da abokansa sun gwada haka a IBM a 1999, kuma Apple Vision Pro na 2024 yana jiran mutum ya haɗa yatsu biyu kafin ya zartar. Tsari ne mai kyau, sai dai bai tsinana wa wanda yatsunsa suka daina motsi komai ba.

3. Rubutu ba tare da ƙura ido ba

Manhajar Dasher ta David MacKay da David Ward a Kambirij ta kauce wa tsayawa gaba ɗaya. Haruffa ne ke kwararowa daga dama, wanda ake sa ran zai biyo baya ya fi girma, ido kuma ya bi su kamar direba a kan hanya. Rahotonsu na 2002 a mujallar Nature ya nuna ana iya kai kalma 25 a minti. Amma hasashen ya dogara ga rubutun da aka horar da manhajar da shi. Mara lafiyar da Hausa ce harshensa yana buƙatar taskar rubutun Hausa wadda ƙ, ɗ da ɓ suka zauna daidai a cikinta, in ba haka ba zai nufi "ƙafa", manhaja ta miƙo masa "kafa".