Guduma da Launi: Tarihin Gyaran Lotsawar Mota

Lotsawar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba a ƙofar mota, aiki biyu take ɗora wa mai gyara. Na farko shi ne maido da ƙarfe yadda yake, na biyu kuma shi ne maido da launi ta yadda ido ba zai gane inda aka taɓa ba. Na farkon ɗan'uwan ƙira ne, na biyun ɗan'uwan rini. Wanda ya bi diddigin wannan sana'a tun farkon ƙarni na 20 zai tarar da abin mamaki: daidaita ƙarfe ya riƙa sauƙi, daidaita launi kuwa ya riƙa wuya, har aka kai lokacin da gwanaye suka yarda cewa gyaran da ya fi kowane kyau shi ne wanda bai taɓa fenti ba ko kaɗan.

Motocin farko sun gaji jikinsu daga karusar da dawaki ke ja. Maƙeran karusa ne suke haɗa shi da katako, su lulluɓe da fallen ƙarfe, sa'an nan masu fenti su bi da buroshi, shafi bisa shafi, kowane sai ya bushe an goge shi kafin a ɗora wani. Mota guda takan share makonni tana jiran fenti ya bushe. Wannan jinkiri ya zame wa masana'antu ƙarfen ƙafa. Daga 1914 zuwa 1925, kamfanin Henry Ford a Amurka bai fitar da motarsa mai suna Model T cikin wani launi ba sai baƙi, fenti mai araha da ƙarko wanda ake gasawa a jikin ƙarfe. A wannan zamani mai gyara ba ya da damuwar dacewar launi sosai, tun da baƙi ake nema, baƙi kuma ake samu.

Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. Na ɗaya, Edward Budd ya kafa kamfaninsa a birnin Filadelfiya a 1912, ya shiga ƙera jikin mota da zallar ƙarfe wanda ake matsawa cikin injin ya fito da siffar da ake so. André Citroën ya kai wannan dabara Faransa a 1924. Daga nan masassaƙi ya fita daga sha'anin, aka bar mai guduma da ƴar maƙerar da yake tokarawa ta bayan falle yana bugu ta gaba. Na biyu, kamfanin DuPont ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda ake fesawa da bindigar feshi ya bushe cikin sa'o'i. Motar Oakland ta 1924, mai launin shuɗi, ita ce ta fara fita kasuwa da shi. Masu saye suka yi rububi, launuka suka yawaita, har Ford kansa ya dawo da su a 1926. Tun daga ranar mai gyara ya sami sabon nauyi: ya nemo shuɗin da ya yi daidai da shuɗin da ke jikin motar.

Ta fannin ƙarfe kuwa, sana'ar ta yi ta samun tsari. A 1931 wani Ba'amurke, Frank Sargent, ya wallafa ɗan littafi a kan bugun ƙarfen mota. Darasin da masu sana'a suka riƙe daga irin wannan koyarwa shi ne, lotsawa tana da tarihi: akwai inda bugu ya fara sauka, akwai inda ƙarfe ya tattare daga baya, kuma ana warware ta ne daga ƙarshe zuwa farko, kamar mai kwance ƙulli. Abin da guduma ta kasa shafewa, da darma ake cike shi. Ana narka ta da wuta, a shimfiɗa da ƴar katako da aka shafa wa kitse, a kankare. Aiki ne mai ƙarko, amma darma guba ce, ƙurarta na shiga jini ta lalata jijiyoyi. A 1955 aka fara sayar da wani ƙulli na roba mai suna Bondo a Amurka, wanda ake kwaɓawa da maganin daskarewa ya ƙanƙare cikin mintoci. Irinsa ne garejojin Nijar ke kira mastik. Ya ceci lafiyar ma'aikata daga darma, amma ya buɗe wa malalaci ƙofa, domin mai gaggawa yakan cike rami da mastik a maimakon ya fitar da ƙarfe, bayan ƴan watanni wurin ya tsage, tsatsa ta kama.

Launi kuwa sai ƙara rikiɗa yake yi. Bayan yaƙin duniya na biyu fenti mai ƙyalli ya bazu, wanda ake zuba wa ƙananan ɓarɓashin alminiyam. Hasken da irin wannan fenti ke maidowa ya dogara ga yadda ɓarɓashin ya kwanta, kwanciyarsa kuma ta dogara ga ƙarfin iskar feshi, da nisan hannu, da zafin rana a lokacin aiki. Gwangwani ɗaya yana iya ba da launi biyu a hannun mutum biyu. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 masana'antu suka koma ga tsarin hawa-hawa: maganin tsatsa a ƙasa, da shimfiɗar da ke riƙe fenti, da launin kansa, da ruwan sheƙi marar launi a bisa. Kaurinsu duka bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na milimita ba, wato kusan kaurin silin gashi. A masana'anta ana gasa wannan fenti a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a saka wa motar roba, waya ko kujera ba. Motar da aka gama haɗawa ba ta jure wannan zafi, saboda haka ɗakin feshin gareji bai cika wuce digiri 60 ba. Ke nan fentin asali sau ɗaya ake yin sa a rayuwar mota.

Kowace mota tana da lambar launinta, a jikin dogaran ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji, amma lambar tana faɗin launin ranar da motar ta fito ne. Shekarun da ta yi cikin rana ba su cikin lissafi. Don haka masu fenti suka ƙirƙiro dabarun yaudarar ido ta hanyar halal: a gwada launi bisa wani falle a duba shi da hasken rana, a rage ko a ƙara, sa'an nan a bar sabon fenti ya narke sannu a hankali cikin tsohon, har ya tsallaka zuwa ƙofar da ke kusa, don kada a bar iyaka. A yau akwai na'urar da ke auna launi ta ba da ma'aunin haɗi, amma hukuncin ƙarshe na ido ne.

Wannan wahala ce ta haifi gyaran da ba ya bukatar fenti. Masu sana'ar suna danganta mafarinsa ga Oskar Flaig, ma'aikacin Mercedes-Benz, wanda ake cewa a wani baje kolin motoci a birnin Niyok a 1960 ya riƙa tura ƙananan lotsawa daga ciki da ƙotar guduma. Dabarar ta bunƙasa a Amurka daga shekarun 1980, musamman a jihohin da ƙanƙara ke yi wa motoci ruwan duwatsu. Mai aikin yakan kafa fitila mai layuka, yana karanta karkacewar layukan a jikin fenti, ya zura dogon ƙarfe ta bayan falle, yana turawa kaɗan-kaɗan, sau ɗaruruwa, har wurin ya miƙe. Inda ƙarfe ba ya shiga, sai a manna wani maɓalli da danƙo a ja ta waje. Tana da iyaka: in fenti ya tsage, ko ƙarfe ya miƙe fiye da kima, ko an taɓa sa mastik a wurin, dole a koma ga tsohuwar hanya.

A ƙasar Hausa wannan sana'a ta sami gurbi a shirye, domin bugun ƙarfe ba baƙo ba ne ga mutanen da suka gaji ƙira. Sunayenta ma suna ba da labarin hanyar da ta biyo: toliye a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, daga Faransanci; fanel bita a Kano da Katsina, daga Ingilishi. Peugeot 404 da 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, su ne makarantar da tsofaffin gwanaye suka yi karatu a kanta. Daga baya motocin da aka yi amfani da su a Turai suka riƙa shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome, kowace da fentin zamaninta. Sai dai yawancin feshi a fili ake yin sa, ƙarƙashin rumfa, inda ƙurar hunturu ke sauka bisa ɗanyen fenti, rana kuma ta riga ta koɗe launin asali. Ga shi maganin daskarewar fentin zamani yana haddasa ciwon fuka ga wanda ke shaƙarsa ba tare da abin rufe hanci na ƙwarai ba, yaran gareji kuwa su suka fi kusa da shi.

Mai mota yana da abin koyo a nan. Hausawa sun yi gargaɗi kada garin gyaran gira a rasa ido. Wanda ya sa aka kankare ƙofa sukutum saboda lotsawar da ba ta fasa fenti ba, ya zubar da abin da kuɗi ba su maidowa, kuma ranar sayarwa dillali zai ɗora mayen ƙarfe a wurin, ya ji inda bai kama ba, ya rage farashi. Malamai da ƙungiyoyin al'adu su ma suna da aiki gabansu. Ilimin toliye a hannu da ido yake, ana gadonsa daga maigida zuwa yaro, ba a rubuce ba. Tattara kalmominsa da matakansa cikin Hausa, tare da shigar da gyaran da ba ya bukatar fenti a cibiyoyin koyon sana'a, zai amfani matasa ƙwarai, tun da kayan aikinsa ƴan sandunan ƙarfe ne da fitila, ba ya bukatar ɗakin feshi, kuma ba ya cin huhun mai yin sa.