Tafasa 'Yar Zango

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka a Wagadugu, nakan bi ta bayan kasuwar Sankaryare in duba gefen magudanar ruwa. Kafin mako biyu sai ka ga ƙananan ganye sun tsago ƙasar da aka tattake duk rani. Tafasa ke nan. Ba wanda ya shuka ta, ba kuma mai yi mata noma.

Kakata ce ta fara nuna mini ita ina yaro. Takan ce, "Jikana, tsinko mini saman kawai, ka bar gindin, gobe ma muna bukata." Ta dafa, ta zubar da ruwan farko don warin ya fita, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri. A watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kwaɗon nan ne ke riƙe cikin gidaje da yawa a unguwarmu.

Wanda ya lura da halinta zai ga tafasa ba ta son kurmi, ba ta kuma son inuwa. Wurinta shi ne inda ƙafa ta taka: burtali, juji, kangon gida, tsohuwar makwantar shanu. Furenta rawaya ne, kwanson 'ya'yanta dogo siriri mai lanƙwasa kamar lauje, da magariba kuma ganyenta kan naɗe sai gari ya waye. Dabbobi ba su cika cin ta ɗanya ba, shi ya sa takan tsira inda aka kiwace sauran ciyayi. Ƙwayarta tana da ɓawo mai tauri, tana iya kwana shekaru a cikin ƙasa tana jiran damina. Masana tsirrai da dama suna ganin asalinta daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka ne, amma yau daga Senegal har Habasha, har Indiya, kowa na ɗaukarta 'yar gida. A Darfur ta ƙasar Sudan ma rufe ganyen ake yi cikin tulu a binne ya ruɓa, a busar, a kira shi kawal, a sa a miya a madadin nama.

Wannan hali nata shi ya haɗa ta da tarihinmu. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, kuma wani reshe na hanyar ya ratsa ƙasar Mosawa. Inda ayari ya sauke kaya, jakuna suka kwana, aka tara taki, nan zango ke kafuwa, nan kuma tafasa ke samun irin ƙasar da take so. Tun kafin sojojin Faransa su shigo Wagadugu a 1896, Hausawa na zaune a garin da izinin Mogho Naba. Unguwarsu ita ce Zangwetin, mai ɗauke da sunan zango, kusa da babbar kasuwa. Daga baya zuriya ta yaɗu, wasu suka bi sana'ar dabbobi da fawa suka kama wuri wajen Sankaryare.

A 2003 aka rushe Zangwetin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita saboda shirin ZACA, wanda aka ce zai mai da tsakiyar gari wurin manyan ofisoshi da kantuna. Dubban mutane suka tashi, aka ba su filaye a bayan gari. Ginin da aka yi alkawari bai zo da wuri ba, fili ya daɗe a kwance. Daminar da ta biyo baya na raka wata gwaggona ta ga inda gidansu yake. Ba mu gane ƙofa ba, ba mu gane rijiya ba. Tafasa ce ta rufe wurin har gwiwa. Gwaggo ta tsaya shiru, can ta kwance gefen mayafinta ta fara tsinka. Na ce, "Gwaggo, me za ki yi da ita?" Ta ce, "A tsakar gidan ubana ta fito, ai ban ci haƙƙin kowa ba." Daren nan mun ci kwaɗo, ba wanda ya yi hira.

Haka na sake gani bayan ambaliyar 1 ga Satumba 2009, ranar da ruwa ya narkar da gidajen ƙasa a unguwannin da ke bakin madatsun ruwan garin. Inda katanga ta faɗi, shekara na zagayowa tafasa ta tsaya.

Abin da ruwa da rusau suka kasa, siminti na neman yi. Kangaye sun zama shaguna, an daɓe gefen titi, abin da ya rage kuma a bakin kwata yake, inda ba mai yarda ya ci. Yanzu matan ƙauye ke kawo ta kasuwa a kwando, mu saya da kuɗi. Bara na nuna wa ɗiyata wata da ta fito jikin katangar masallaci, ta ce ciyawa ce, za ta tuge. Na riƙe hannunta, na ce ta tsinki saman kawai.