Cutar Nipah da Tarihin Gwajin da ke Kamo Ƙwayar Cuta a Jikin Alade

A ƙarshen shekarar 1998 wata cuta ta ɓulla a gonakin kiwon aladu da ke kusa da birnin Ipoh na ƙasar Malesiya. Aladu na fama da tari mai ƙarfi, masu kiwonsu kuma na kamuwa da zazzaɓi da kumburin ƙwaƙwalwa, wasu su suma, wasu su rasu cikin 'yan kwanaki. Hukumomi suka ɗauka cutar ƙwaƙwalwar nan ce ta Japan wadda sauro ke yaɗawa, sai aka shiga feshin maganin sauro da allurar rigakafi. Mutane ba su daina mutuwa ba.

Akwai alamun da ya kamata su tayar da shakku tun farko. Cutar Japan ta fi kama yara, wannan kuwa manyan maza take kamawa, waɗanda hannunsu ke taɓa alade kullum, alhali sauro ba ya zaɓen wanda zai ciza. Abin da ya ƙara ruɗa likitoci shi ne gwajin jini na neman garkuwar da jiki ya haɗa. Irin wannan gwaji sawun ɓarawo yake nunawa, kuma sawun na iya zama tsoho, tun daga wata kamuwa ko allura ta baya.

A watan Maris na 1999 Dakta Chua Kaw Bing na Jami'ar Malaya ya ware wata baƙuwar ƙwayar bairos daga ruwan laka na majinyata, ya ɗauke ta da kansa zuwa cibiyar CDC a Amurka. Da aka karanta tsarin sinadarin gadonta, sai aka ga 'yar uwar Hendra ce, wadda ta kashe dawaki a Ostareliya a 1994, amma ba ita ba ce. Aka raɗa mata suna Nipah, daga sunan ƙauyen Sungai Nipah.

A nan ne dabarar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ta sami abin kamawa. Ana ɗaukar majina ko jini, a nemi wani ɗan guntun sinadarin gado na ƙwayar, a riƙa ninka shi. Kowane zagaye na mayar da ɗaya biyu, ta yadda zagaye 30 ke iya kai shi kusan kwafi biliyan ɗaya. Ke nan ana iya gano cutar a aladen da bai fara tari ba, wanda a da mai shi zai sayar da shi wata jiha ba tare da zargin komai ba. Ta wannan cinikin ne ma cutar ta isa Negeri Sembilan. Sai dai gwajin ba ya ganin abin da ba a koya masa nema ba, don haka dole aikin Chua ya gabace shi. Kaifinsa kuma na da haɗari, domin ɗigon gurɓata a ɗakin gwaji ya isa ya ɗora wa lafiyayyen garke laifi.

Kafin wutar ta mutu, mutum 265 sun kamu a Malesiya, 105 sun rasu, an kuma hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya. A Singafo ma'aikatan mayanka 11 suka kamu, ɗaya ya rasu. Daga baya bincike ya gano cewa jemagu masu cin 'ya'yan itace ne gidan ƙwayar. Da cutar ta sake bayyana a Bangaladash daga 2001, ba ta biyo ta alade ba: ɗanyen ruwan itacen dabino da jemagu suka lasa ne ya fi kai ta ga mutane.