Bala'i da Bangaskiya a Ƙagaggun Labaran Matasa na Kirista: Waiwaye a Taƙaice

1.0 Gabatarwa

A adabin matasa na Kirista akwai reshen da ya ginu kan jigo guda: bala'i ya auku, tauraron labari ya tsira, sannan ya tambayi kansa abin da Allah yake nufi da shi. Tushen jigon yana cikin Littafi Mai Tsarki, a labarin ruwan Dufana da na Ayuba. Wannan takarda za ta bi sawun yadda ma'anar bala'in ta riƙa sauyawa a Turai da Amurka.

2.0 Bala'i a Matsayin Horo

A 1719 Daniel Defoe ya wallafa Robinson Crusoe a Landan. Ba don yara aka rubuta shi ba, amma daga baya su suka fi karanta shi. Crusoe ya ƙi jin maganar mahaifinsa, guguwa ta farfasa jirginsu, ya shekara 28 a tsibiri. Bayan girgizar ƙasa da zazzaɓi mai tsanani ne ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya tuba. A nan bala'i horo ne ga ɗan da ya bijire.

Fasto Johann David Wyss na Suwizalan ya juya akalar. A labarinsa na 1812, wanda aka fi sani da The Swiss Family Robinson, iyali guda ne suka tsira, uba yana koya wa 'ya'yansa maza huɗu addu'a da aikin hannu. Ba laifin kowa ba ne jirgi ya nutse; tsibirin makaranta ce.

3.0 Bala'in Gaske da na Ƙarshen Zamani

A Oktoban 1871 gobara ta cinye birnin Shikago, ta kashe mutum kusan 300, ta raba kimanin 100,000 da muhallinsu. Fasto Edward Payson Roe ya je ya gane wa idonsa, kuma a 1872 ya fitar da Barriers Burned Away. A ciki, wani saurayi talaka mai bangaskiya ya ceci 'yar maigidansa wadda ba ta yarda da Allah ba, ita kuma ta ba da gaskiya. Wutar ta ƙone shingen da ke tsakanin mai kuɗi da talaka. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, ya kuma nuna cewa masifar da mutane suka gani jiya-jiya tana iya zama kayan wa'azi.

Daga 1998 kamfanin Tyndale House ya fara fitar da Left Behind: The Kids na Jerry B. Jenkins da Tim LaHaye, jerin littattafai 40. Matasa huɗu ne ke fuskantar masifun da Littafin Wahayi ya ambata. Abin lura shi ne, ƙaraminsu, Ryan, ya mutu a girgizar ƙasa alhali ya riga ya ba da gaskiya. Ke nan tsira ta tashi daga ta jiki ta koma ta ruhu.

4.0 Kammalawa

Daga horo zuwa makaranta, daga nan zuwa alamar tashin duniya, kowane zamani ya ba bala'i tasa fassarar. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin yaron da ambaliya ta ci gidansu zai nemi amsa a shafin da yake karantawa: azaba ce aka yi masa, ko jarrabawa? Wannan ita ce tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi wa kowane irin wannan littafi.