Tarihin Kuɗin Gyaran Muhalli a Arewa: Daga Asusun Gwamnati zuwa Rancen Babban Banki

Bayan farin da ya addabi Arewa tsakanin 1972 da 1974, gwamnatin Najeriya ta ware kuɗi na musamman domin gyaran ƙasa. A 1981 aka kafa Asusun Kula da Muhalli, ana zuba masa kashi 1 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992. Kuɗin ba bashi ba ne, an tanade su ne don zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. Rauninsu shi ne ba a ɗaure su da wani aiki takamaimai ba, kuma an daɗe ana kukan karkatar da su.

Ƙasar Mubi a jihar Adamawa, mai duwatsu da kwazazzabai, tana cikin wuraren da wannan lamari ya shafa kai tsaye. A Sorau, da ke ƙaramar hukumar Maiha kusa da iyakar Kamaru, noma da kiwo ne madogara, itace kuma shi ne makamashin girki. Adamawa na cikin jihohi 11 da shirin Afirka na katangar itatuwa ya ƙunsa, kuma dokar 2015 da ta kafa hukumar shirin ta ba ta kashi 15 cikin ɗari na Asusun Muhalli.

A Disambar 2017 salo ya sauya. Gwamnatin tarayya ta sayar da takardun lamuni na naira biliyan 10.69, bisa alƙawarin kashe kuɗin kan ayyukan muhalli kaɗai, irin su dashen itatuwa da lantarkin hasken rana. Ita ce gwamnatin Afirka ta farko da ta yi haka. A 2019 ta ƙara na biliyan 15, kuma a shekarar aka buɗe tashar sola ta Jami'ar Bayero a Kano. Amfanin wannan hanya shi ne mai ba da rance yana da ikon tambayar inda kuɗinsa suka shiga. Tsadarta kuwa ruwan da ake biya, kashi 13.48 a karon farko, 14.5 a na biyu.

Nan ne Babban Banki ya shigo. Faifan sola da batir tun ranar farko ake biyan kuɗinsu, riba kuma sai an yi shekaru, saboda haka kuɗin ruwa ne ke yanke hukuncin ko wuta za ta isa ƙauyen kan iyaka. A 2020 bankin ya ware naira biliyan 140 a matsayin rance mai sauƙin ruwa, da burin haɗa gidaje miliyan 5 da sola. Sai dai masu suka sun ce irin wannan rabon kuɗi yana rura hauhawar farashi, wadda talakan karkara ya fi kowa ɗanɗana zafinta. Da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a 2023 ya janye shi daga irin waɗannan shirye-shirye, kuma zuwa Nuwamban 2024 kuɗin ruwan bankin ya kai kashi 27.5. Nauyin ya koma kan kasafin kuɗi da rancen waje, kamar dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da su a 2021 domin farfaɗo da ƙasar noma a jihohin Arewa 19 da Abuja.