Tsakuwar ƙoda a Damagaram: tarihin bincike da matsalar suna

Ciwon da likitoci ke kira colique néphrétique da Faransanci yana tashi ne sa'ad da tsakuwa ta baro ƙoda ta maƙale a hanyar da fitsari ke bi zuwa mafitsara. Zafin yakan kama daga kwiɓi ya gangaro mara, sau da yawa har da amai da jini a fitsari. Zafin rana da ƙarancin ruwan sha suna cikin manyan sanadinsa, domin fitsari yana yin kauri. Duk wanda ya san Zinder ya san wannan hali: gari ne bisa duwatsu, kuma wahalar ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da hedkwatar ƙasa Yamai a 1926. Ke nan wuri ne da ya cancanci a yi nazarin ciwon tun da wuri. Abin da ya jinkirta hakan, a ganinmu, har da sha'anin harshe.

Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, likitocin soja sun fi damuwa da cututtukan annoba, irin su agana da sanƙarau. Daga 1918 makarantar likitoci ta Dakar ta fara horar da ƴan Afirka, da Faransanci. Marar lafiya kuwa da Hausa ko Barbarci yake kai kukansa, ta bakin tafinta. Ba ya cewa “tsakuwa”, don bai gan ta ba. Cewa yake yi kwiɓi, ko mara, ko sanyi ya kama shi. Kalmar “sanyi” ita ce ta fi rikitarwa: tana ɗauke da ciwon gaɓoɓi, da cutar da ake samu ta saduwa, da zafin fitsari. In ya ambaci jini, sai hankali ya koma kan tsargiya, wadda ta yawaita inda yara ke wanka a tabki. Ta haka ciwo guda yakan watsu ƙarƙashin sunaye uku ko huɗu a rajistar asibiti. Muna ganin tsohon ra'ayin nan na zamanin mulkin mallaka, wai baƙar fata ba ya cika yin tsakuwa, ya sami gindin zama daga irin wannan rajista.

Binciken maganin gargajiya ma ya rabu biyu bisa iyakar ƙasa. A Nijeriya Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Lewis Wall ya fitar da littafinsa kan maganin Hausawa a 1988 bayan zama a ƙasar Malumfashi. A Nijar kuwa akwai aikin ayarin Adjanohoun na 1980. Al'umma ɗaya, harshe ɗaya, amma rubutu cikin harsunan Turawa biyu da ba safai suke karanta juna ba. (Mu masana harshe ba mu kuɓuta daga wannan laifi ba.)

Haɗin gwiwar likitoci shi ma hanyar harshe ya bi. An buɗe makarantar kimiyyar lafiya a Jami'ar Yamai a 1974, amma ƙwarewa kan cututtukan fitsari ta daɗe tana kai mutum Dakar ko Faransa, ƙarin girma kuma ta hannun CAMES, wadda aka kafa a 1968. Kano, da ke kusan kilomita 240 daga Zinder, ta fi Dakar nisa a takarda, alhali ƴan Damagaram sun saba bin wannan hanya tun zamanin Sarki Tanimun.

Na'urar duban ciki ta rage dogaro da bakin tafinta, an kuma fara farfasa tsakuwa ba tare da fiɗa ba a birnin Munik a 1980. Sai dai na'ura ba ta duba wanda ba a turo mata ba, turowar kuwa daga ƙaramin asibitin ƙauye take farawa, inda ma'aikaci ke fassara “sanyi” yadda ya ga dama. Tun da aka kafa jami'a a Zinder a 2010, ana iya haɗa ɗalibin likita da ɗalibin harshe su naɗi maganar marasa lafiya a Birni da Zango, a gwada da abin da ake faɗa a Kano da Katsina.