Wa ya ce 440 ce kawai daidai?

1/ Hutun nan na koma gida Wurno da jitata. Na sassauta tsirkiyoyinta duka shida don muryata ba ta kaiwa sama. Wani abokina ya kunna manhajar saiti a wayarsa, ya ce wai na ɓata kayan kiɗa. Mun yi musu har la'asar. Bari in ba ku tarihin abin.

2/ Wannan "daidai" da wayar ke nunawa lamba ce: sautin A ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa guda. Taro aka yi a Landan a 1939 aka amince da ita, hukumar ISO ta karɓe ta a 1955. Kafin nan kowane gari da nasa.

3/ A Turai masu kiɗa sun yi ta ɗaure tsirkiya don sauti ya ƙara kaifi, mawaƙa kuma maƙogwaro na shan wahala. Har sai da gwamnatin Faransa ta sa doka a 1859 ta tsayar da shi a 435. Eh, doka fa, a kan sautin kiɗa.

4/ Bayan an tsayar da 440 ɗin ma, ba kowa ya bi ba. Jimi Hendrix ya saba sauke jitarsa rabin mataki. Tony Iommi na Black Sabbath injin masana'anta ne ya yanke masa kan yatsu biyu yana saurayi a Birmingham. A faifansu na 1971 ya sassauta tsirkiya sosai don rage zafin dannawa. Kaurin amon da ya fito, shi wasu ke kwaikwayo har yau da lafiyayyun yatsunsu.

5/ Mu dawo gida. Garaya da molo ba su da kunnen murɗawa irin na jita. Da tsinken fata ake ɗaure tsirkiya a jikin sandar, mai kiɗa ya tura shi sama ko ƙasa har sai amon ya zauna da muryarsa. Damina ta sa fatar ta saki, hunturu ya ɗaure ta, gobe a sake saiti. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi ya yi duk waƙoƙinsa. Wace waya ya tambaya?

6/ Abin da ya fi ba ni dariya: a 1955 ɗin nan da ISO ke tsayar da lambarta, Bernard Fagg na gidan tarihin Jos yana nan Birnin Kudu yana nazarin duwatsun kiɗa da ke kusa da zanen dā na jikin duwatsu. Ka buga dutse da dutse, ya yi amo kamar ƙarfe. Su ne kaɗai kayan kiɗan yankinmu da na sani ba a iya sassautawa. Mai waƙa ne zai bi su.

7/ Abokin nawa dai bai yarda ba. Ya karɓi jitar, ya ɗaure ta zuwa 440, ya ce in rera. Baiti na biyu muryata ta tsinke, ƙannena suka fashe da dariya. Da daddare na mayar da ita inda take.